Alhaji Alhassan Ɗantata: Wa zai riƙe kasuwanci bayan maigida?

 A yau za mu leƙa Kano mu ɗauko tarihin mutumin da ko yaro ya san sunansa a ƙasar Hausa, wato marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a shekarar 1955. In an ambace shi, abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne dalar gyaɗa da raƙuma ɗauke da kuɗin azurfa. Amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya fi waɗannan amfani ga mai kanti ɗaya ko mai rumfa a kasuwa, wato yadda ya ga dukiyar mahaifinsa ta watse tun yana yaro, da irin shirin da ya yi don kada tasa ta bi sahu.

Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san kantin da ya mutu tare da mai shi. Ana gama addu'ar arba'in sai a zauna rabon gado, a ƙidaya buhunan shinkafa da kwalayen sabulu, kowa ya ɗauki rabonsa. Masu bin bashi su zo, waɗanda ake bi su ɓace. Yaran da suka yi shekara 15 ko 20 suna buɗe ƙofar kantin da asuba kuwa, su kama gabansu hannu rabbana. Kafin shekara ta zagayo, wani ne ke haya a wurin. Wannan ciwo Ɗantata ya ɗanɗana shi tun bai san ciwon kansa ba.

Ɗan fatake

An haifi Alhassan a shekarar 1877 a garin Bebeji, kudu da birnin Kano. Iyayensa Agalawa ne, wata zuriyar ƴan kasuwa da kakanninsu suka gangaro daga ƙasashen Abzinawa, cikin Nijar ta yau, suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano, suka zama Hausawa, suka kuma shahara a fataucin goro. Kakansa, Baba Talatin, shi ne ya taso da iyali daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi ya gaji sana'ar, ya koma Bebeji da zama. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma ƴar kasuwa ce mai jarin kanta, ba ta dogara da na miji ba.

Fataucin goro a wancan zamani ba aikin rago ba ne. Ayari kan tashi da ɗaruruwan mutane da jakuna ƙarƙashin madugu. Su ɗauki rinannun tufafin Kano, da jemammun fatu, da kanwa, su bi ta ƙasar Sakkwato, su ƙetare kogin Kwara ta wajen Yawuri ko Gaya, su ratsa Bargu, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau. Can za su sayar da kayansu su sayi goro, su juyo gida. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci shekara guda cur.

To, dukiyar falke kashi biyu ce. Akwai wadda ido ke gani: jakuna, kaya, kuɗin wuri. Akwai kuma wadda ba a iya ɗaura ta a bayan jaki: fatoman da ke sauke shi a kowane zango, dillalin da ke ba shi goro bashi saboda ya san ba ya saɓa alkawari, da yaran da suka san hanya, suka san yadda ake buɗe huhun goro a tsince ruɓaɓɓe a yayyafa ruwa don kada kaya su lalace. Kashi na farko ana iya raba shi ga magada. Kashi na biyu kuwa, in ba a sami wanda ya riƙe shi a dunƙule ba, ranar da maigida ya kwanta dama shi ma ya tafi ke nan.

Haka ta faru a gidan Abdullahi. Ya rasu wajen shekarar 1885, Alhassan bai wuce shekara 8 ba. An raba gado yadda shari'a ta tanada, kowa ya sami haƙƙinsa, amma ƴaƴan duka ƙanana ne, babu mai iya jan ayari a cikinsu. Amarya ta tattara nata ta tafi Ankara, babban birnin Gana na yau, inda take da harkokin ciniki. Yaran kuwa ta bar su a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Ita ce ta raine su, kuma daga sunanta aka riƙa kiran Alhassan ɗan Tata. Jama'a ku lura da wannan: sunan da duniya ta san wannan babban gida da shi har yau, sunan mai hidimar gida ne.

Rabon gadon da ya samu bai yi ƙarko ba. Alhassan ya yi karatun allo irin na kowane almajiri, da bara da aikin ƙarfi don abin sakawa a baki. Ana ba da labarin cewa Tata ce ta cusa masa tsimi, har ya riƙa jefa ɗan abin da ya samu a asusu. Yana ɗan shekara 15 ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa, ya sayi ƴan kayayyaki a Bebeji yana sayarwa a hanya. Da ya isa Ankara, Amarya ba ta zaunar da shi cikin daula ba. Ta miƙa shi ga wani malami ya ci gaba da karatu da neman na kansa, har lokacin komawa gida ya yi.

Bai daɗe da dawowa ba wata masifar ta auko. A shekarar 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, rikicin sarauta ya ɓarke tsakanin ɗansa Tukur da ƴaƴan Sarki Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu. Wannan shi ne yaƙin Basasa. Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, shi kuwa aka ci shi da yaƙi. An ƙwace dukiyoyi, an kama mutane, cikinsu har da Alhassan da ƴan uwansa Bala da Sidi, sai da fansa suka sami kansu. Sau biyu ke nan, kafin ya cika shekara 20, ya ga yadda dukiya ke gushewa: sau ɗaya ta hanyar rabon gado, sau ɗaya ta hanyar yaƙi.

Goro ta teku, gyaɗa ta jirgin ƙasa

Alhassan ya koma sana'ar iyaye, amma da ido buɗe. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, kuma a wannan shekara ce layin dogo daga Sekondi, a bakin teku, ya isa Kumashi, tsakiyar ƙasar goro. Wajen 1906 ya fara sauke goronsa zuwa bakin teku, ya loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Yana cikin Hausawa na farko da suka bi wannan hanya. Tafiyar da jaki ke yi wata da watanni ta koma ta ƴan kwanaki, asarar goro ta ragu, kuɗi kuma suka riƙa juyawa sau da yawa a shekara. Da jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Ikko da Kano a 1912, sai ya zama goron Kumashi na iya isa kasuwar Kurmi ba tare da ya hau jaki ba. Ba da jimawa ba Alhassan ya dawo Kano da zama, a unguwar Ƙoƙi.

Turawa sun shimfiɗa layin dogon ne da fatan auduga za su riƙa kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Gyaɗa ta fi kuɗi a lokacin, domin masana'antun Turai na neman manta, ba ta gajiyar da gona, kuma in shekara ta yi wuya ana iya cinta, ita kuwa auduga ba ta shiga tukunya. Sai dai kamfanonin Turawa ba su jin Hausa, ba su san ƙauyuka ba, manomi ma bai san su ba balle ya yarda da su. Dole suka nemi tsofaffin fataken goro, masu jari da jama'a. A 1918 kamfanin Niger Company ya ƙulla ciniki da Ɗantata don ya riƙa saya masa gyaɗa. Wannan kamfani ne daga baya ya shiga cikin UAC, wanda aka kafa a 1929.

A nan ne dukiyar nan ta biyu, wadda ba a ɗaurawa a jaki, ta nuna amfaninta. Kamfani ya ba maigida kuɗi kafin kaka. Maigida ya rarraba wa manyan yaransa, kowa da yankinsa. Su kuma su rarraba wa nasu yaran a kasuwannin ƙauye, har kuɗin su isa hannun manomi, wani lokaci tun gyaɗa na cikin ƙasa. In kaka ta yi, buhuna su biyo wannan hanya su dawo, a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Galibin wannan harka amana ce ke riƙe da ita. Yaro na da la'adarsa a kan abin da ya sayo, yana kuma iya juya kuɗin maigida a wata sana'ar idan kakar gyaɗa ta wuce. Wanda ya dawo da kuɗi cif, baɗi a ƙara masa. Wanda ya daɗe yana riƙe amana, a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, shi ma ya zama maigida mai nasa yaran.

Attajiran Kano da yawa sun yi wannan ciniki, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, amma Ɗantata ya fi su yawan yara da faɗin yanki. Zuwa 1922 shi ne ake lissafawa mafi dukiya a Kano. A farkon shekarun 1920 ya sauke farali, ya tafi Makka ta jirgin ruwa. A 1929 ya kai ajiya bankin Turawa a Kano, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20, abin da har yau ake ba da labarinsa. Dalar gyaɗar da ta yi suna kuwa, buhuna ne ake jerawa sama saboda jirgin ƙasa ba ya iya kwashe amfanin shekara a lokaci guda. Duk da wannan arziki, an san shi da tsimi da gudun almubazzaranci, halin da ya taso da shi tun zamanin asusu.

Wannan labari bai tsaya a Nijeriya ba. Gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Damagaram ta daɗe tana bi ta Kano kafin ta isa teku, sai a shekarun 1950 aka fara karkata wani kaso ta Paraku da Kwatano. Alhazan Maraɗi ma a kan wannan tsari na ubangida da bara suka tashi, shi ya sa suke cewa bayan arzikin kuɗi akwai arzikin mutane. Mai kuɗi ba tare da mutane ba, ko buhu ɗaya ba zai iya sayowa a ƙauyen da ba a san shi ba.

Shirin tafiya

Da girma ya fara kama shi, Ɗantata bai jira mutuwa ta yi masa rabo ba. Abu na farko, ya sa ƴaƴansa cikin harka tun yana da ƙarfin tsawata musu. Ahmadu da Sanusi sun daɗe suna ciniki a gabansa, Aminu kuma ya shiga a 1948 yana ɗan shekara 17, ya fara daga sayen amfanin gona kamar kowane yaro. Abu na biyu, ya mai da harkar kamfani mai rajista, da sunan Alhassan Dantata and Sons. Amfanin wannan a fili yake. In kasuwanci na mutum ɗaya ne, ranar rabon gado kayan ake rabawa: wannan ya ɗauki mota, wancan ya ɗauki sito, harka ta tsaya. In kuwa kamfani ne, hannun jari magada ke gada. Kowa ya san kasonsa, kowa na karɓar ribarsa, amma mota da sito da sikeli da yara suna nan wuri ɗaya suna aiki.

A watan Agusta na 1955 ciwo ya tsananta masa. Ya sa aka kira ƴaƴansa, ya kuma sa aka kira babban mai riƙe masa lissafin kuɗi, Garba Maisikeli. Ya shaida musu cewa yana jin kwanansa sun ƙare. Ya hore su da su zauna tare, kada su bari kamfanin ya rushe, su guji rigima da sauran attajiran Kano, su kuma kula da dangi, musamman marasa ƙarfi. Bayan kwana 3, ranar Laraba 17 ga Agusta 1955, Allah ya karɓi ransa yana barci. An binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari.

A wannan zama na ƙarshe akwai abin lura. Magana ce ta cikin gida, amma maigida bai yi ta da ƴaƴan cikinsa kaɗai ba, sai da ya zaunar da ma'aikacinsa a tsakaninsu. Ya san mai littafin lissafi shi ne ya san wa ake bi, wa ke bi, wane yaro ne mai amana, wane ne sai an sa masa ido. Magadan da suka kori irin wannan mutum sun ƙona rabin gadonsu da hannunsu.

Shirin ya yi aiki. Ahmadu ya jagoranci kamfanin har rasuwarsa a 1960, Aminu ya karɓa ya faɗaɗa shi zuwa gine-gine da wasu harkoki, har ya rasu a 2025 yana da shekara 94. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, shi ne kakan Aliko Ɗangote ta wajen uwa. Dukiyar Abdullahi ba ta kai ga ƴaƴansa sun girma ba, ta ɗansa Alhassan kuwa ta haura shekara 70 bayan ransa.

In babu Sanusi, babu Aminu fa?

Hanyar da Ɗantata ya zaɓa ta ƴaƴa ce, kamar yadda sunan kamfanin ya nuna, kuma Allah ya ba shi ƴaƴa masu son kasuwa da iya ta. Ba kowa ke samun haka ba. A nan wajenmu, nawa ne daga cikin masu kanti da ƴaƴansu suka yi lakkal suka zama ma'aikata a Yamai, ko suka tafi biɗa Kwatano, Ikko ko Abijan ba su da niyyar dawowa? Nawa ne daga cikin iyayenmu mata masu sayar da abinci ko man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ƴaƴansu mata suka yi aure a wasu garuruwa, aka bar su da yarinyar da suka riƙa, wadda ita ce ta san gwargwadon gishiri da sunan kowane mai saye? Mai sayen dankalin Bonkuku ya kai Katako, wa ya san manoman da ke ba shi bashi in ba yaron da ke bin gonaki ba?

Al'adarmu ta san sallama: yaro ya yi shekaru, maigida ya ba shi ɗan jari ya buɗe nasa wuri. Abu ne mai kyau, amma ba ya warware matsalar tsohon kanti. Yaro ya tafi da iyawarsa da rabin masu saye, maigida ya tsufa shi kaɗai a bakin kanta. Akwai wata sallamar da ba mu cika gwadawa ba, wato a sallami yaro da kaso a cikin kantin kansa.

Wani maƙeri a Faransa ya gwada haka. Sunansa Jean-Baptiste Godin, an haife shi a 1817, ya fara da ƙaramar maƙera a 1840 yana ƙera murhun ƙarfe, har ta zama babbar masana'anta a garin Guise. A 1880 ya mai da ita ƙungiyar haɗin gwiwa tsakaninsa da ma'aikatansa. Ba kyauta ya ba su ba. Kowace shekara ana ware musu kaso daga riba, amma maimakon a ba su tsabar kuɗi, sai a ba su takardar hannun jari, kuɗin kuma su tafi wajen Godin a matsayin biyan jarinsa. Da haka, sannu a hankali, shi yana karɓar kuɗinsa, su suna zama masu masana'anta. Ya rasu a 1888, ƙungiyar ta ci gaba a hannun ma'aikata har 1968, shekara 80 bayansa. Abin da ya kawo ƙarshenta ma darasi ne: gasar kasuwa ta yi tsanani, ba a zuba isassun kuɗi wajen sabunta kayan aiki ba, kuma tsofaffin membobi sun ƙi buɗe ƙofa sosai ga sababbin ma'aikata.

Yadda za a yi a kanti ɗaya

Mu ɗauki misali. A ce mai kanti ya zauna da yaransa biyu, aka ƙidaya kaya da kuɗi da bashi mai dawowa, aka cire bashin da ake bin kanti, jari ya tsaya miliyan 3 na sefa. A ce ribar shekara jika 900 ce. Sai a yi yarjejeniya cewa, bayan albashinsu, kashi ɗaya cikin uku na riba, jika 300, rabon yaran ne, amma ba za su sa shi aljihu ba, za a miƙa wa maigida a matsayin kuɗin sayen kaso. A shekara ta farko sun mallaki kashi 10 cikin 100 na kanti. Cikin shekara 5 rabin kanti nasu ne. Maigida ya ci nasa rabon riba, ya karɓi kuɗin abin da ya sayar, ya kuma sami damar rage zirga-zirga, domin yaron da ya san yana da kaso ba ya barin ɓera ya ci buhu, ba ya kuma ba da bashi ga wanda ba zai biya ba.

Wani zai ce, to magada fa, ba a zalunce su ba? Malamai sun yi bayani cewa mutum mai lafiya da hankalinsa yana da ikon sayar da abinsa ko ya yi kyauta da shi, muddin wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa na da lafiya. Wasiyya ce ke da iyaka: ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma abin da aka bayar a ciwon ajali cikin wannan kason ake lissafa shi. Saboda haka wanda ya bari sai ya kwanta ciwo ya tuna da yaransa, ya makara. Wanda kuwa ya fara da wuri, in ajali ya riske shi a tsakiyar hanya, magadansa za su gaji kuɗin da ya riga ya karɓa da sauran kason da bai sayar ba, a cikin kanti mai rai da ke kawo riba. Wannan ya fi musu kwalayen sabulun da za a karyar a kasuwa bayan arba'in.

Amma akwai sharuɗɗa. Na farko, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A yi takarda a gaban liman da dattawan kasuwa, in harka ta yi girma a je wajen notar. Na biyu, a sanar da iyali tun farko, mata da ƴaƴa, kamar yadda Ɗantata ya tara kowa wuri ɗaya, domin abin da aka ɓoye shi ke zama shari'a daga baya. Na uku, a raba kuɗin cefane da kuɗin kanti, a riƙe littafi, don ba a iya raba ribar da ba a san yawanta ba. Na huɗu, a sa sharaɗin cewa duk wanda zai bar aiki, kasonsa ga waɗanda ke ciki zai sayar, kuma sabon yaro mai amana shi ma yana da hanyar shiga, don kada a maimaita abin da ya sami mutanen Guise. Na biyar, a san wanda ke da maganar ƙarshe, domin jirgi ɗaya ba ya tafiya da matuƙa biyu.

Doka ma ta ba da hanya. Nijar na cikin ƙasashen OHADA, kuma dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa da aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010 ta ba mutum 5 damar kafa ƙaramar koperatib mai rajista. Matan da ke aiki tare a injin niƙa, ko a gidan abinci, ko wajen matsar mai, suna iya bin wannan hanya su karɓi sana'ar daga hannun uwar ɗakinsu idan ƙarfinta ya ragu, suna biyanta kaɗan-kaɗan kamar zubin adashi. Ita ta sami abin riƙe kanta a tsufa, su kuma ba su koma gida zaman banza ba.

Alhaji Alhassan Ɗantata ya tashi a hannun mai hidima, ya yi arziki da ƙafafun yaransa, ranar bankwana kuma ya zaunar da mai lissafinsa tare da ƴaƴansa. Tsakanin rasuwar mahaifinsa da tasa akwai shekara 70, kuma bambancin abin da ya biyo bayan mutuwar biyu shiri ne da aka yi tun ana da lafiya. Duk mai kanti ko mai rumfa da furfura ta fara fito masa, ya kamata ya zauna ya tambayi kansa wa zai buɗe ƙofar nan ranar da ba ya nan, kuma me wannan mutum ya mallaka a cikinta yau.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya jiƙan Amarya da Tata, ya sa albarka a kasuwanninmu.